Bayan bautar ƙasa: digiri na biyu nan take, ko aiki tukuna?

Wanda ya kammala digirin farko a fannin kimiyyar sinadarai ko ta halittu, da zarar ya ajiye kakin NYSC sai hanya ta rabu masa biyu.

Ta farko, ya koma Zariya ko BUK ya ɗora digiri na biyu tun ƙwaƙwalwa na da zafi. Lissafi bai gudu ba, malaman da za su duba aikinsa sun san shi, kuma galibi nauyin iyali bai hau kansa ba. Sai dai aljihu ne zai ji jiki. Sau da yawa ɗalibi shi ke sayen sinadaran gwajinsa, ga yajin aiki: na ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2022 wata takwas ya ci. Karatun shekara biyu kan zama uku.

Ta biyu, ya fara aiki. A nan irin aikin shi ne komai. Idan koyarwa ce a jami'a ko kwalejin ilimi ko ta fasaha mallakar gwamnati, ya dace, domin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ma'aikatan irin waɗannan makarantu take ɗaukar nauyin karatunsu, albashi kuma na shigowa. Aikin ɗakin gwaji a asibiti ko masana'anta ma yana gyara hannu. Amma wanda ya faɗa banki ko kasuwa da niyyar "zan dawo", da wuya ya dawo, balle in aure ya shigo.

Ni dai, ga mai sakamako mai kyau da burin bincike, shawarata ya wuce kai tsaye, ya riƙa neman gurbin koyarwa yana karatun.