Azurfar Agadas, Tagullar Bida ko Gwal na Kanti: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya tashi haɗa lefe ko neman kyautar da za ta daɗe a hannun mai ita, yakan tsinci kansa tsakanin gwal na kanti, da tagullar maƙeran Bida, da azurfar da maƙeran fari ke ƙerawa da hannu. Ni dai tun da wuri zan bayyana inda na karkata: azurfar maƙeran Agadas, musamman wadda aka saya a maƙerar da jama'a suka haɗu suna aiki tare, inda shago yake gaba, wuta da zuga-zugi suna baya.

Gwal ajiya ce mai kyau ga mai hali, ana auna shi da giram, ana sayar da shi ranar buƙata, amma yawancin wanda ke kantuna aikin inji ne da aka shigo da shi daga Dubai, kuma namiji Musulmi ba ya sa shi. Tagullar Bida kuwa sana'a ce ta asali, har UNESCO ta sanya garin cikin biranen fasahar hannu a 2021, sai dai ta fi dacewa da tire da kwano da kayan adon ɗaki, domin idan ta haɗu da gumi takan bar kore a fata. Kayan yayi waɗanda ake shafa wa ruwan gwal ba su cancanci dogon bayani ba.

Abin da ya ɗaga azurfar Agadas shi ne yadda ake yin ta. Maƙeran Buzaye, waɗanda ake kira inadan, gadon sana'ar suke yi daga iyaye. Idan za a ƙera shahararriyar alamar nan ta Agadas da ake ratayawa a wuya, wadda take ɗaya daga cikin alamu 21 masu ɗauke da sunayen garuruwa da wurare irin su Ingal da Tawa da Damagaram, maƙeri yakan fara siffanta ta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin da ya bari. Dole ne a fasa yumɓun kafin a ciro ta, saboda haka babu guda biyu da suke fitowa iri ɗaya sak. Bayan nan sai aikin magagari da zane, layi bayan layi, kuma da yawa daga cikin maƙeran sukan sa sunansu a baya da rubutun Buzaye da ake kira Tifinag. A da, liyari suke narkawa, wato kuɗin azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780, wanda nauyinsa ya kai giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 nasa azurfa ce. Yanzu abin da mai saye ya kamata ya nema shi ne 925, wato ƙarfen da kashi 925 cikin 1,000 nasa azurfa ce.

Amfanin sayayya a maƙerar haɗin gwiwa, irin waɗanda ke tsohon birnin Agadas ko cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, shi ne ka ga mai aikin da idonka, a auna a gabanka, kuma idan zobe ya yi yawa ko maƙullin sarƙa ya karye, ka san ƙofar da za ka koma. Kuɗin kuma yana shiga hannun wanda ke koya wa yara sana'ar. Wanda ba zai iya wannan tafiya ba, akwai maƙeran fari a Kano da Damagaram, kuma sharaɗin ɗaya ne: ya je inda ake hura wuta.

Na koyi wannan ne bayan na ƙone. Lokacin bikin ƙanwata, wani dillali ya sayar mini da munduwa biyu da 'yan kunne, yana rantsuwa cewa daga Agadas suka zo, har ya nuna mini hatimin 925 a ciki. Ba a yi wata biyu ba kunnuwanta suka fara ƙaiƙayi, munduwar ta koɗe a gefe, launin rawaya ya bayyana. Da na kai wa wani dattijon maƙeri, ya goga magagari sau ɗaya ya ce mini, "Ɗana, tagulla ka saya da kuɗin azurfa."

Don haka kada hatimi ya ruɗe ka, domin kowa na iya buga shi. Kada kuma ka dogara da maganaɗisu kaɗai: gaskiya ne ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, haka nan ba ya kama wani farin haɗin jan ƙarfe da nikel da ake kira alpaka, wanda babu ɗigon azurfa a cikinsa, kuma nikel ɗin ne ke sa ƙaiƙayi. Azurfa ta fi tagulla nauyi idan girmansu ɗaya, kuma idan ta daɗe baƙi take yi, ba kore ba, da an goge ta kuma haskenta ya dawo. Ka nemi a kankare wani lungu da ba a gani. Mai kayan gaskiya ba ya ƙin haka, mai jabu ne zai ce za a ɓata masa kaya. Ka duba zanen da kyau: na hannu yana da ɗan bambancin zurfi, na inji kuwa sumul yake, kuma za ka tarar da irinsa goma a tire ɗaya. Wanda ya ce maka tsohuwar azurfar gado ce, ka tuna cewa ana iya baƙanta sabon ƙarfe cikin yini guda.

Kafin ka biya, a raba maka farashi gida biyu, kuɗin giram da kuɗin aiki, a rubuta nauyin a takarda. Idan jimillar ta gaza kuɗin azurfar da aka ce tana ciki, ka ajiye kayan ka wuce rumfa ta gaba.