HealthCare.gov a idon sabon zuwa: aiki a Landan, zama a Houston, yarinya mai sikila

Tauraro huɗu cikin biyar na ba HealthCare.gov, shafin gwamnatin Amurka na sayen inshorar lafiya, ɗayan da na riƙe kuma ba don rowa ba ne, zan zo kansa a gaba.

Mun sauka Houston farkon Maris ɗin 2024, ni da maman yara da 'yarmu mai shekara huɗu, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Ko girin kad ɗin, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, bai iso ba lokacin, hatimin da aka buga mana a fasfo kawai gare mu. Aikina tun ina Kaduna nake yi wa wani kamfanin manhaja da ke Landan, daga ɗaki, albashi da fam. Da na gaya musu zan koma Amurka sai suka ce ba damuwa ci gaba da aikinka, amma fa ba su da reshe a can, don haka za su mayar da ni ɗan kwangila, haraji ni da kaina, inshorar lafiya ma ni da kaina, wadda suke ƙara wa ma'aikatansu ba ta tsallake teku. Na ce to. Wallahi lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, kaina na kan gidan haya da mota.

Wani dattijo a masallacinmu, ya fi shekara 20 yana tuƙa tasi a garin, shi ya fara tayar min da hankali bayan tarawi. Ya tambaye ni wace inshora muke da ita, na ce ai na sayo ta matafiya ta wata biyu tun kafin mu taso. Ya ce ɗana je ka karanta ƙananan rubutun nan na ƙasan takardar ka dawo mu yi magana. Na je na karanta, ashe duk cutar da mutum ya zo da ita ba ruwansu da ita. To 'yata da sikila aka haife ta. Kenan abu ɗaya tak da na fi jin tsoro, wato ciwon ƙashi ya taso mata cikin dare ko zazzaɓi ya kai mu asibiti, shi ne takardar ta cire. Ranar ko sahur ban iya ci da kyau ba.

A Amurka yawancin masu aiki ta hannun kamfaninsu suke samun inshora, wanda ba shi da wannan gatan sai ya shiga kasuwar gwamnati da dokar nan ta 2010 ta kafa, wadda kowa ke ce wa Obamacare. Wasu jihohin kamar New York da California suna da shafinsu na kansu, Texas ba ta da shi, HealthCare.gov ake shiga. A nan na tafka kuskuren farko, kuma nawa ne ba na kowa ba. Na buga sunan a waya na danna na farkon da ya fito, shafi mai kyau shuɗi-shuɗi kamar na gwamnati, na saka lambata. Ko minti biyar ba a yi ba waya ta fara ruri, har bayan la'asar ana kira, kowa da "tsari mai rahusa". Ɗaya daga cikinsu ya kusa shawo kaina da wani abu na dala 190 a wata mu uku, sai da na ce masa yarinyata sikila gare ta, ya yi shiru ya ce bari ya tambayi ogansa, har yau bai dawo ba. Na gwamnati ƙarshensa .gov ne, ku duba sau biyu.

Abin da ya fi burge ni a ainihin shafin, babu inda aka tambaye ni wa ke da wace cuta. Na yi ta jiran tambayar har na gama cikewa ba ta zo ba. Doka ta hana kamfani ya ƙi ka ko ya ƙara maka kuɗi don kana da sikila ko suga ko hawan jini, shekarunka suke dubawa da unguwar da kake da yawan iyalinka da ko kana shan taba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a gida ya san me wannan ke nufi, ba sai na ja ba.

Sai maganar lokaci, wadda saura ƙiris ta wuce ni. Rajistar kowa da kowa daga 1 ga Nuwamba ake buɗe ta, shekarar da muka zo an rufe tun 16 ga Janairu. Amma wanda ya ƙauro daga wata ƙasa ana ba shi kwana 60 daga ranar da ya sauka, kuma ba a tambayarsa ko yana da inshora a da. Ni dai azumi ya ci min wata guda, ina ta sai bayan Sallah sai bayan Sallah, aka yi Sallah 10 ga Afrilu, da na ƙirga sai na ga ko sati huɗu bai rage min ba. Kuma inshorar ba ranar da ka zaɓa take fara aiki ba, sai 1 ga watan da ke biye, mu tamu 1 ga Mayu ta kama, shi ma sai da na biya kuɗin watan farko kai tsaye wa kamfanin inshorar, don shafin gwamnati ba ya karɓar ko sisi, mutane da yawa a nan suke faɗawa rami suna zaton sun gama.

Wurin tantance ko ni ne ni, na'urar ba ta gane ni ba, don da tarihin bashinka na Amurka take maka tambayoyi, ni kuwa ko katin bashi ban taɓa riƙewa ba a ƙasar. Sai na ɗauki hoton fasfo da hatimin na tura, bayan 'yan kwanaki hanya ta buɗe. Layin wayarsu kyauta ne kuma dare da rana ana ɗauka, na kira wajen ƙarfe biyar na asuba kafin aikin Landan ya taso min, wata mata ta bi ni a hankali har muka gama, ba tsawa ba gajiya.

Inda aiki da kamfanin waje ya zame min ƙarfen ƙafa shi ne tambayar nawa za ka samu a shekara. Tallafin da gwamnati ke sa maka a kuɗin wata ya dogara ne kacokan a kan wannan lambar. Mai aiki a kamfanin Amurka takardar albashinsa kawai zai ɗauko, ni kuwa fam ake turo min, ba W-2, wato takardar albashin shekara da kamfanin Amurka ke ba ma'aikaci, ba komai sai takardar kwangila da rasit ɗin da nake aika musu duk wata. A nan na nemi masu jagorar nan da ake kira nabigeta, a shafin akwai wurin da za ka sa lambar unguwarku ya nuna maka na kusa da kai. Kyauta suke yi, kuma bambancinsu da dillali shi ne dillali kamfanin inshora ke ba shi la'ada, su kuwa ba sa cin komai a kan abin da ka zaɓa, ba ma za su ce maka ɗauki wannan ba ko ka roƙe su. Wadda na samu a wani ƙaramin asibitin unguwa take zama, 'yar tebur da kwamfuta da kwalin alewa na yara, ta zauna da ni kusan awa biyu muka canja fam zuwa dala a kan 1.26 na lokacin, muka cire kuɗin intanet da na kayan aiki tunda ɗan kwangila ribarsa ake lissafawa, muka tashi da kusan dala 58,000. Ita ce ma ta tuna min cewa akwai harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 da ke jirana ban da na kuɗin shiga. Na ce Hajiya yau da labari mai daɗi ɗaya ba za ki ba ni ba? Ta yi dariya duk da ba ta san me Hajiya ke nufi ba.

Na tambaye ta Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, don na ji ana cewa kyauta ne. Ta ce manya masu sabon girin kad sai sun yi shekara biyar tun dokar 1996, kuma Texas ma ba ta faɗaɗa nata ba, yarinyar kuma kuɗina ya ɗan haura iyakar CHIP, inshorar gwamnati ta yara. Na kuma tambaye ta jita-jitar da ke yawo a tsakanin mutanenmu, wai in ka karɓi tallafi za a rubuta ka cikin masu zama wa gwamnati kaya a hana ka zama ɗan ƙasa. Ta ce ƙa'idar 2022 da ake aiki da ita a lokacin ba ta lissafa tallafin inshorar kasuwa. Na san magidanta biyu da ke zaune ba inshora saboda wannan tsoron kaɗai.

Zaɓen tsari kuwa, nan ne kan mutum ke ɗaurewa. Sun kasu Bronze da Silver da Gold, wani wurin har Platinum, a taƙaice Bronze kamfani na ɗaukar kusan kashi 60 na kuɗin jinya, Silver 70, Gold 80. Ni da na saba da NHIS ta gida lokacin ina aikin gwamnati, ka nuna kati ka biya kashi 10 na magani ka tafi, sai ga wata kalma wai didaktibul, wato adadin da za ka fara biya daga aljihunka duk shekara kafin kamfani ya sa hannu a manyan abubuwa. Na ga Bronze da bayan tallafi kusan kyauta zai zame min, raina ya biya, sai na ga didaktibul ɗinsa ya haura dala 7,000 kan mutum ɗaya. Ga wanda ba ya zuwa asibiti ƙila ya yi, mu da muka san kwanciya ɗaya ko biyu a shekara ba abin mamaki ba ce, arha ce irin ta bakin kasuwa. Lambar da ta fi kwantar min da hankali ita ce rufin da doka ta sa, a 2024 komai tsananin jinya mutum ɗaya ba zai biya sama da dala 9,450 ba, iyali 18,900, muddin a asibitocin da ke cikin tsarin ka tsaya. Kuma wanda kuɗinsa bai kai kashi 250 na ma'aunin talauci ba, in ya ɗauki Silver ana ƙara sassauta masa didaktibul ɗin, a Silver kawai. Mu mun faɗa ciki da ƙyar. Farashin asali ya haura dala 1,100 a wata, muka koma biyan 160 da 'yan kai.

Tauraron da na riƙe na maganar netwok ne, wato jerin likitoci da asibitocin da ke karɓar tsarinka. Shafin yana barinka ka rubuta sunan likita da magani ka ga wane tsari ke ɗauke da su, na rubuta hydroxyurea, maganin sikila, ya fito, na rubuta likitan jini na yara da aka yi min kwatance shi ma ya fito. Amma jerin daga kamfanonin inshora yake zuwa, kuma wanda na fara sa wa ido, da na bugo asibitin da kaina sai sakatariya ta ce sun daina karɓar wannan tsarin tun bara. Ka ga da ban kira ba da mun zauna a garin da ke da Texas Medical Center, tarin asibitoci mafi girma a duniya, muna kallon gini ba damar shiga. Yawancin tsare-tsaren da na gani HMO ne, irin wanda muka sani a gida, sai likitanka na farko ya rubuta maka takarda kafin ka ga ƙwararre, in ka fita layi kuma kuɗin a kanka yake in ba gaggawa ba. Haƙori da tabarau na manya ma ba sa ciki, daban ake saya, maman yara har yanzu tana min gorin wannan.

An gwada abin a watan Agusta. Zazzaɓi ya kama yarinyar wajen ƙarfe ɗaya na dare, mai sikila kuwa ba a jiran gari ya waye da zazzaɓi, muka ɗauke ta sai sashen gaggawa, aka riƙe mu kwana biyu, ƙarin ruwa da allurai da gwajin jini. Bayan sati uku takarda ta zo, maman yara ta buɗe ta ga dala 21,000 da wani abu ta saki salati har maƙwabciya ta leƙo. Sai da na nuna mata layin da ke sama mai cewa wannan ba takardar biya ba ce, bayani ne kawai na abin da asibiti ya nema da abin da kamfani ya yarda da shi. Namu kason ya tsaya wajen 2,800, asibitin kuma suka yarda mu biya kaɗan-kaɗan ba ruwa. Allurar rigakafinta da awon shekara kuwa ko dala ɗaya ba mu biya ba.

Cizon ƙarshe a lokacin haraji ya zo. Fam ta tashi har wajen 1.34 a ƙarshen Satumba, ga shi kamfani ya ba ni ɗan ihsani a Disamba, ni kuma ban koma shafin na gyara lambar kuɗin shigata ba duk da nabigetar nan ta ja min kunne sau biyu. Da takardar 1095-A mai nuna tallafin da aka ba ni ta iso muka cike fom 8962 na daidaita tallafin da ainihin kuɗin shigata a Afrilun 2025, sai ga shi an ba ni tallafi fiye da haƙƙina, na mayar da dala 600 da ɗoriya. Sannan dole ni da maman yara mu cike haraji a haɗe, in ba haka ba tallafin ma gaba ɗaya zai zama bashi. Farashin da na faɗa a sama na zamanin ƙarin tallafin nan ne da aka fara a 2021 aka tsawaita zuwa ƙarshen 2025, don haka kowa ya shiga ya sa lambar unguwarsu ya ga nasa, ana iya dubawa ko ba a buɗe asusu ba. Ni dai yanzu duk ƙarshen wata uku ina da ƙararrawa a waya mai suna "fam nawa yau", in ta buga sai in buɗe shafin in gyara, yarinyar har ta haddace, da ta ji ƙarar sai ta ce Abba lokacin lissafi ya yi.