Leza, halawa ko allurar lantarki: amsa ga mai tambayar cire gashi

'Yar'uwar da ta ce ta gaji da yin halawa duk wata, an kuma gaya mata leza tana kashe gashi har abada, tana tambaya ko ta koma can: ga yadda suke in an jera su.

Halawa dai kin san ta. Sukari, lemon tsami da ruwa, a dafa ya yi danƙo, a manna a fizge. Tana tumɓuke gashi, amma tushen na nan da ransa, bayan sati uku ko huɗu ya sake tsirowa. Ga arha, kuma ba ruwanta da launin fata.

Leza kuwa da ruwanta. Haskenta baƙin launin da ke cikin gashi yake bi, ya zama zafi, ya ƙona tushen. To mu launin nan har a fatarmu yake, shi ya sa na'urar da ba ta dace ba take haɗawa da fatar ta ƙona, a tashi da baƙin tabo ko fari wanda zai yi watanni. Kafin ki tambayi kuɗi, tambayi sunan na'ura. Alexandrite, mai tsawon zangon haske nanomita 755, ta farar fata ce. Diode, wajen 810, tsaka-tsaki ce, sai a hannun ƙwararre. Wadda likitocin fata suka fi amincewa da ita ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai 1064, don haskenta yana shigewa ciki ba tare da fatar sama ta zuƙe shi da yawa ba. In aka ce miki IPL ce, wata na'urar haske mai walƙiya, wannan ba leza ba ce ma, kuma ni ba zan miƙa mata fuskata ba. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, sannan in kina shafa man bilicin ki faɗa, kada ki ɓoye.

Batun "har abada" kuma, an ƙara gishiri. Leza ragewa take yi na dogon lokaci. Gashin da ke cikin girma kaɗai take kamawa, don haka sai an je sau shida zuwa takwas, da tazarar sati huɗu zuwa takwas, wani lokaci a koma gyara bayan shekara. Abin da ya rage yakan fito siriri. Ba ta ganin furfura. Kuma da kin fara, kin bar halawa da tsigewa ke nan, sai aski, don in babu gashi a cikin tushen babu abin da hasken zai bi.

Mai kashe tushe gaba ɗaya ita ce allurar lantarki, siririyar allura da ake zurawa cikin ramin gashi a sakar wa tushen lantarki, wadda wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara wallafa bayaninta a 1875. Kowane launi tana yi, har furfura, amma gashi ɗaya bayan ɗaya, da zafi da cin lokaci. Ta 'yan tsirarun gashin haɓa ce, ba ta ƙwauri ba.

Hammata da ƙafa, leza ta fi. Amma in gashin haɓa ne ya taso miki da kauri, ga al'ada tana rikicewa, fara ganin likitan mata a duba matsalar da ake kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan mace, in ba haka ba ana ƙonawa sabo yana fitowa.