Kayan auna yanayi na makaranta: wanne za a fara saya, wanne za a bari a kanti

Darasin yanayi a ƙaramar sakandare yawanci a kan allo yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. Yaro zai haddace cewa kashi 78 cikin ɗari na iskar da ta lulluɓe duniya naitrojin ne, kashi 21 kuma oksijin, ya zana ma'aunin ruwan sama a littafinsa tsaf, amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba. To in makaranta ta samu 'yan kuɗi daga ƙungiyar iyaye da malamai, ko wani uba ya yi niyyar saya wa 'ya'yansa, me ya kamata a ɗauko? Yawancin kayan da ke shagunan kayan kimiyya da kasuwannin intanet don yanayin Turai da Amurka aka ƙera su, ba duka ne za su yi aiki a Kano ko Damagaram ba. Shawarata ita ce a fifita abin da yaro zai karanta da idonsa ya rubuta da hannunsa, a kuma duba ko zai jure zafinmu da ƙurarmu.

A fara da ma'aunin ruwan sama. Shi ya fi araha, shi ne kuma yara suka fi ganewa, don kowane gida ana zancen damina. Milimita ɗaya a ma'auni na nufin lita ɗaya ta ruwa ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Da yaro ya kama wannan, zai iya lissafa ruwan da ya sauka a rufin ajinsu ko a gonar babansa cikin dare guda.

Kala uku ake samu. Akwai ɗan ƙaramin na roba mai tsinin gindi, wanda ake kafawa a kan sanda. Kuɗinsa kaɗan ne, sai dai da yawansu milimita 35 zuwa 50 kawai suke ɗauka, alhali hadari ɗaya a watan Agusta kan zubar da abin da ya fi haka. Ranar da aka yi ruwan da ya fi cancanta a rubuta, ranar ce zai cika ya tumbatse. Ga shi bakinsa a buɗe yake, rana na fitowa ruwan ya fara ƙafewa, robar kuma in ba mai kyau ba ce takan dushe ta tsattsage. Akwai na ƙarfe mai mazurari, irin na tashoshin hukuma, wanda faɗin bakinsa milimita 127 ne, da kwalba a ciki da kuma gilashin awo. Wannan zai shekara da shekaru yana aiki, amma in gilashin awon ya fashe sai an nemo irinsa. Kafin a samu, a auna ruwan da silindar ɗakin gwaji: mililita 127 daga wannan mazurari kusan milimita 10 ke nan na ruwan sama. Na ukun shi ne na roba mai kauri, mai mazurari a sama da siririn bututu a ciki, in bututun ya cika ruwan ya zube cikin babbar gorar da ke kewaye da shi. Ga makaranta shi na fi so, don yara suna ganin ruwan ta waje, kuma ba ya cika da wuri. Kowanne za ku saya, ku duba rubutun jikinsa. Wanda aka yi wa Amurka da inci yake awo, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne, kullum sai an yi ta juya lissafi.

Wurin kafawa ma yana cikin ciniki. Ana so tazararsa da bishiya ko gini ta kai aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa kuma ya daidaita ba karkace. Saboda haka a ware kuɗin turke da ɗan shingen waya saboda awaki da masu ƙwallo.

Sai ma'aunin zafi, inda aka fi yin asarar kuɗi. Na asibiti ba ya yi, daga digiri 35 zuwa 42 kawai yake karantawa. Mai kama da bindiga da aka riƙa saita wa mutane a goshi lokacin korona shi ma ba ya yi, zafin jikin abu yake aunawa, ba na iska ba. Abin da ake buƙata shi ne wanda ke kaiwa digiri 50 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma sauka ƙasa da sifiri, tunda Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40 a watan Afrilu, Jos kuwa takan sauka ƙasa da 10 da asubar hunturu. Mai jan ruwa ko shuɗi a ciki ya fi dacewa da hannun yara. Mai zaiba a bar shi: in ya fashe a aji guba ce, tururinta ake shaƙa, kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa duniya na janye irinsa daga kasuwa.

Mafi amfani shi ne wanda ke riƙe mafi tsananin zafin yini da mafi tsananin sanyin dare. Tsohon samfurinsa bututu ne lanƙwasasshe mai 'yan alamu biyu da ake mayarwa da maganaɗisu, sai a tambaya ko marar zaiba ne. Na batir mai ɗan allo yana yin aikin nan cikin sauƙi, kuma ba shi da tsada. A kanti, ku jera guda huɗu ko biyar wuri ɗaya na 'yan mintoci, ku ɗauki waɗanda suka yi daidai da juna. In mai gilashi ne, a gida a tsoma shi cikin dakakkiyar ƙanƙara mai narkewa, ya kamata ya nuna sifiri.

Amma ko ma'aunin ya kai zinariya tsada, in aka rataye shi a bangon da rana ke duka ko ƙarƙashin kwano, zafin bangon zai faɗa muku. Shi ya sa masana ke ajiye shi cikin farin akwatin katako mai tsage-tsage da iska ke ratsawa, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Na kanti yana da tsada ba gaira ba dalili. Kafintan unguwa zai haɗa shi in aka nuna masa hoto. A gaya masa ya yi ƙofa biyu, kudu da arewa, don a wajenmu rana takan karkata arewa a tsakiyar shekara, ta koma kudu a watannin sanyi, kuma ba a so ta haska ciki lokacin karatu.

Wajen auna laimar iska kuwa, a nan ne na batir ke ba da kunya. Masu arahar da yawa ba sa karanta abin da ya gaza kashi 20 ko 10 cikin ɗari, hunturunmu kuwa da rana yakan kai can. Lokacin da leɓe ke tsagewa, lokacin ne allon zai tsaya cak. Gara a sayi ma'aunin zafi biyu iri ɗaya, a naɗe gindin ɗaya da tsumman auduga da ke shan ruwa daga 'yar kwalba. Ƙafewar ruwan na sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, ta kuma fi yin sanyi a rani fiye da tsakiyar damina. In busasshen ya nuna 30, jiƙaƙƙen 27, laima ta kusa kashi 80. In jiƙaƙƙen ya sauka 15, ba ta kai kashi 20 ba. A tabbata an haɗo da jadawalin lissafinsa.

Kibiyar nuna iska ba sai an saya ba, mai walda zai yi ta da guntun kwano da boris ɗin keke. Tsininta na fuskantar inda iskar ta fito. Da ita yara za su ga iskar arewa maso gabas da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, su ga ranar da ta juya ta koma kudu maso yamma ɗauke da laimar tekun Atlantika, su kuma tambayi dalilin da hadari ke tasowa daga gabas duk da haka. Ma'aunin gudun iska mai kofuna abin sha'awa ne, amma zai iya jira.

Wanda zan ce a bari a kanti shi ne ma'aunin nauyin iska mai fuskar agogo. A Ingila allurarsa na yin tafiya mai nisa kafin ruwa, shi ya sa aka rubuta masa "ruwa" da "garau" a fuska. A ƙasashe masu zafi kuwa motsinta kaɗan ne, ta hau wajen ƙarfe goma, ta sauka wajen ƙarfe huɗu, safe da dare, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Sannan nauyin iska a gaɓar teku kusan hektofaskal 1013 ne, yana raguwa in ana hawa tudu. Jos ta haura mita 1,200, don haka wanda lambobinsa suka fara daga 950 ba zai nuna ainihin nauyin iskar can ba.

Saura tashar zamani mai haɗa komai a sanda ɗaya, tana aika sakamako zuwa allo a ofis ko waya. Kuɗinta ya fi na duk waɗancan a haɗe, tana son batir, wani lokacin da intanet, ƙura da kashin tsuntsu na toshe mazurarinta, kuma in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ɗan cokalin da ke ƙirga ruwan yakan rage lissafi. Babbar illarta a wurina ita ce yaro ya koma ɗan kallo. Amma tana da fa'ida ɗaya da ba za a raina ba: dogon hutu yana faɗawa a watan Agusta, watan da ruwa ya fi yawa, ita kuwa ba ta zuwa hutu. Makarantar da ke da hali ta saye ta daga baya, ta kafa kusa da na hannu a riƙa gwada su. Wadda ba ta da hali ta koya wa maigadi ko ɗalibai biyu na kusa karanta ma'aunin kowace safiya a lokaci guda, ta saya musu littafi mai kaurin bango. In damina ta ƙare a watan Oktoba, aji ya tara jimillar ruwan shekara ya gwada da hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, 'yan Nijar kuma da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai.