Kafin ka zuba kuɗi a tsohuwar sintasaiza, ka fara sauraron saitinta

Wani ƙanena da muke unguwa ɗaya nan Mamobi a Accra ya turo min hotuna uku a WhatsApp daren jiya, na sintasaiza, wato kibod ɗin kiɗa mai haɗa sautinsa da lantarki, wai Yaya dan Allah duba min wacce zan ɗauka, kuɗin da nake tarawa sun kusa kaiwa. Ɗaya Roland Juno-106 ce, ɗaya Korg Polysix, dukansu an shigo da su ta Tema cikin kayan gwanjo, ta ukun kuma sabuwa ce fil, Behringer Model D, irin wadda aka kwaikwayi Minimoog, tsohuwar sintasaizar kamfanin Moog. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wannan sauti mai kauri na burger highlife da 'yan Ghana mazauna Jamus suka yi tashe da shi a shekarun 1980, yana so ya riƙa sakawa a ɗan situdiyonsa kuma ya fita da ita wajen aure da suna. To amsar ta fi ƙarfin saƙon murya shi ya sa na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Abu na farko da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, wani lokacin ma shi kansa bai sani ba, shi ne maganar saiti, wato tsayuwar muryar kowane maɓalli daidai inda ya kamata. A cikin kowace sintasaiza akwai abin da ake kira osileta, ita ke haifar da muryar tun daga tushe, sauran kayan duk tace ta suke yi suna mata ado. Idan ka danna A na tsakiya ya kamata ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa, A na sama 880, na ƙasa 220, tazarar da ke tsakanin A da A na gaba ita ake kira oktaf. Tsofaffin na analog da ake ce wa VCO ƙarfin wuta ne ke gaya wa osiletar inda za ta tsaya, a Moog da Roland bolt ɗaya oktaf ɗaya, kuma tiransistar da ke wannan lissafin tana jin zafi da sanyi kamar fatar mutum, kowane digiri ɗaya na zafi yana canza lissafin da kusan kashi ɗaya cikin 300. Kamar ba komai ko? To lissafa, idan ɗaki ya ƙara zafi da digiri 10 kuma babu abin da ke gyara mata, tsakanin oktaf uku za ta kauce da fiye da maɓalli guda cur. Shi ya sa masu ƙerawa suke manna wata razista ta musamman a jikin tiransistar don ta rama, wasu kuma suka sa cif mai ɗumama kansa ya tsaya a zafi ɗaya, kamar uA726 da aka sa a Minimoog na baya-baya.

Ni na ɗanɗana wannan. Shekarun baya na sayi wata tsohuwa mai murya ɗaya 'yar Japan wajen wani mutum, na gwada ta minti biyar a shagonsa ƙarƙashin fanka komai lafiya lau na biya. Sati biyu aka kira mu aure a Nima, an kafa rumfa a titi, na saita ta da mai jita wajen ƙarfe biyu, kafin a yi la'asar rana ta karkato ta bugi gefen akwatin, muna tsakiyar waƙa mai waƙar ta waigo ta dube ni don muryarta da tawa sun rabu, ƙasan kibod ɗin daidai yake amma sama ya zame, na riƙa murɗa maɓallin saiti da hagu ina kiɗa da dama, in na gyara sama ƙasa ya tashi. Wallahi ranar raina ya ɓaci don bikin mutane ne, sun biya kuɗinsu. Da na kai wa wani Masta mai gyaran amfilifaya ya buɗe ya nuna min da tsinken sukudireba, razistar nan ta rabu da jikin tiransistar, farin man da ke haɗa su ya bushe ya zama gari, ga kafasitoci biyu a sashen wuta sun kumbura. Ya ce min yaro ai wannan tun a shago da ka ba ta awa ɗaya da ta tona kanta.

To yanzu ga ukun da ke gaban ƙanen nawa.

Juno-106 ta fito 1984, murya shida, wato maɓalli shida na iya yin sauti lokaci ɗaya, kuma osiletarta DCO ce, wato agogon dijital ne ke ƙirga mata kaɗawa, sauran hanyar sautin analog ne. Ma'ana kana kunna ta a kan saiti take, ko a Accra ko a Tamale cikin zafin Maris, haka yayunta Juno-6 da Juno-60 na 1982 da Korg Poly-800 ta 1983. Amma tana da nata ciwon da kowa ya sani, cif-cif ɗin murya masu lamba 80017A da aka lulluɓe da baƙin ƙaro, da tsufa sukan fara ƙarar tartsatsi ko murya ɗaya ta mutu ko ta maƙale tana kuka bayan ka ɗaga yatsa. Guda shida ne na muryoyin, kuma in ɗaya ya tafi ka sa rai sauran na hanya. Ana samun na maye da wasu ƙananan kamfanoni ke yi amma daga waje za ka yi oda, a Zongo Lane za ka samu razista da kafasita da dalma da man wanke maɓalli iya son ranka, wannan cif ɗin kam kada ka sa rai. Don haka ka tambayi mai ita kai tsaye an canza su ko ba a canza ba, ka ce a buɗe ka gani da idonka.

Polysix ta 1981 ce, ita VCO ce ta gaske, murya shida kowace da osiletarta, kuma wannan ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ke ba ta daɗin da mutane ke mutuwa a kai, ni ma a kunnena ta fi Juno taushi. Matsalar ita ce batirin da ke riƙe mata ajiyar sauti, irin mai cajin nan na da, yana tsiyaya ya zubo ruwansa kan allon ya cinye layukan tagulla, za ka ga wani kore-kore ko fari kamar gishiri kewaye da shi. In ka ga haka kuma ba a gyara ba ka ajiye ta ka yi sallama, sai dai in farashin ya faɗi ƙasa sosai kuma kana da mai gyara da ya iya bin layi ɗaya bayan ɗaya da haƙuri. Danshin tekun Accra ba ya taimakon irin wannan allo ko kaɗan.

Sabuwar kuma, Model D ta Behringer ta shigo kasuwa wajen 2018, osileta uku irin na asali, murya ɗaya, ba ta da kibod sai ka haɗa da naka ta MIDI, wato wayar da kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo da ita. Kada ka ɗauka don sabuwa ce ba ta zamewa, VCO ce, tana son minti 15 zuwa 20 ta ɗumama kuma wani lokaci sai an sake mata saitin ciki, amma kafasitocinta ba su shekara arba'in ba kuma adaftarta na karɓar wutarmu. In kana son wadda ke gyara saitinta da kanta akwai Korg Minilogue ta 2016, murya huɗu. Prophet-5 ta 1978 da Jupiter-8 ta 1981 su ma suna da maɓallin da ke saita muryoyin da kansa, amma kuɗinsu yanzu ba na ɗan Zango mai tara na aure ba ne, na wuce su.

Ko wacce za ka je gani, ka tafi da wayarka da manhajar saita jita wadda ke nuna santi, tsakanin maɓalli da na kusa da shi santi 100 ne. Ka roƙi mai ita kada ya kunna kafin ka zo, kana so ka same ta da sanyinta. Kunna, danna A, rubuta abin da wayar ta nuna, sai ka je ka sha koko ka dawo bayan minti 30. In ta matsa a farkon sannan ta tsaya cak, lafiyarta ƙalau, halin VCO ke nan. In oktaf na ƙasa daidai ne amma duk hawan da ka yi tana ƙara kaucewa da tsari, wannan saitin ciki ne, akwai 'yan ƙananan sukurori a kan allo da mai gyara zai murɗa da takardar gyaran na'urar a gabansa, aikin yini ɗaya ne ba tsada, ka yi ciniki da shi a rage maka. Wadda za ta tsorata ka ita ce wadda bayan awa ɗaya har yanzu tana yawo sama da ƙasa ba dalili, ko tana tsalle in ka ɗan ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, na farko yawanci sashen wuta ne ya gaji, na biyu dalma ce ta tsage ko soket ya yi tsatsa. In kuma maɓalli ɗaya ne ko biyu ke rawar murya sauran lafiya, datti ne a wayar da ke ƙarƙashin maɓallin, ƙurar hunturu na yin haka, wankewa kawai. A masu murya ɗaya ka saki maɓalli ka bar sautin ya ja dogo ka saurara, in yana sulalewa ƙasa a hankali kafasitar da ke riƙe bolt ɗin ce ke yoyo. Masu murya shida kuma ka danna maɓalli shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su, kowanne zai kama muryarsa, nan gurguwar za ta fito.

Wani abu da ke rikita mutane, Korg MS-20 ta 1978 da tsofaffin Yamaha CS ba sa bin lissafin bolt ɗaya oktaf ɗaya, nasu tsarin daban ne, in ka jona su da na'urar Roland ka ji waƙa ta karkace ba lalacewa ba ce, yare ne bai zo ɗaya ba.

Sai wuta, kuma dan Allah kar a tsallake nan. Tamu 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120, ka juya bayan akwatin ka karanta farantin kafin ka soka filogi, na ga wadda hayaƙi ya tashi daga cikinta a daƙiƙa biyu saboda zumuɗi. In 'yar 100 ce ka nemi taransifoma mai saukewa zuwa 100 ɗin, ba 110 ko 120 da suka cika kasuwa ba, don rarar tana zama zafi a ciki kuma zafin nan shi ne abokin gabar saiti. Ka sa kuɗin sitabilaiza mai kyau cikin lissafinka tun farko, mu da muka rayu cikin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi, a wajen biki kuma janareto ne, in an kunna manyan sifiku wutar na faɗuwa tsohuwar VCO mai gajiyayyen sashen wuta ta bi ta.

Abin da na gaya wa ƙanen nawa shi ne tunda fita biki zai riƙa yi, ya sa ta a motar haya ta trotro ya kafa a rana, Polysix ba tasa ba ce duk da ni ina sonta, ta mai ɗaki ce da ba ya motsa ta kuma yana da mai gyara a hannu. In cif-cif ɗin Juno an riga an canza su ya ɗauke ta ido rufe, in ba a canza ba ya sayi sabuwar don bas da lid ya ci gaba da amfani da kibod ɗinsa na yanzu wajen kod, ragowar kuɗin ya sayi sitabilaiza da akwati mai soso. Ya ce shi dai zuciyarsa na kan Junon, to mun yi da mai ita ranar Asabar da hantsi za mu je, na ce masa kada ya taɓa kunna ta kafin mu iso kuma ya tanadi sukudireba don sai an ɗaga murfin.