Buroshi, kilina da feshi: yadda suka yi wa takalmina na suwed

Wata shida ke nan ina amfani da kayan gyaran suwed da na saya a kwali ɗaya: buroshi mai fuska biyu, wata 'yar roba kamar kilinar goge fensir, da gwangwanin feshi mai hana ruwa shiga. Abin da ya sa na saye su kuwa, na taɓa shafa wa wani takalmina man da ake goge fata mai sheƙi da shi, gashin ya kwanta ya daskare, bai sake tashi ba. Abin ya yi min ciwo.

Suwed da cikin fata ake yin sa, wato ɓangaren da ke manne da nama, shi ya sa yake da laushi da ɗan gashi-gashi, shi ya sa kuma yake shan ruwa da maiƙo kamar soso.

Buroshin shi ne gwarzon kwalin. Idan laka ta taɓa takalmin ba na gaggawa, nakan cusa masa takarda in ajiye shi a inuwa, nesa da rana da wuta, sai ya bushe ƙarau. Sannan in bi shi da fuskar roba, hannuna na tafiya gefe guda. Sai ka ga lakar na zuba kamar gari, launin yana dawowa a gaban idonka. Ɗaya fuskar mai siraran wayoyin tagulla sai da hattara. Na danna ta da ƙarfi a bakin takalmin hagu, ta kwashe gashin wurin, har yau akwai ɗan fili da ya fi sauran haske. Yanzu sai inda gashi ya kwanta sosai nake kai ta, a hankali.

Kilinar tana cire zanen gogayya da baƙin da ke taruwa a dunduniya, cikin minti biyu.

Feshin ne nake da magana a kansa. Na riƙe gwangwanin nesa kamar santimita 25, na fesa sau biyu a inda iska ke kaɗawa, na bar takalmin ya kwana. Da yayyafi ya same ni, ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya ya gangara, na ji daɗi. Amma ya ɗan duhunta launin ƙasa-ƙasan takalmin, don haka a fara gwadawa a kan harshensa inda ba a gani. Kuma ƙarfinsa na raguwa, sai an maimaita bayan 'yan makonni.

Maiƙo kam duk ukun sun kasa shi. Da ɗigon man inji ya faɗa min a kai, hoda na barbaɗa masa ta kwana tana tsotsa, da safe na kakkaɓe da buroshi. Tabon ya dushe sosai, amma idan na duƙa ɗaura igiya ina hango shi.