Yaya, a nan da kuɗinka za ka biya ka yi garuwa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu ma a nan Aberdeen ta Sikotlan sai godiyar Allah. Hoton da na tura wa Hajiya, wanda ka ce ko cikin kwantena muka koma, na hutun yara ne. Makarantun nan suna rufewa daga farkon Yuli zuwa tsakiyar Agusta, shi ne muka ɗan fita shan iska bakin teku.

Abin da ka gani karafan ne, ɗakin tafi-da-gidanka mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota. A ciki akwai dogayen kujeru biyu da ake haɗewa da dare su zama gado, da murhun gas, da ɗan firij, da wurin wanke-wanke, da banɗakin da in ka shiga ba ka iya miƙa hannu. Wani dattijo abokin aikina ne ya ara mana nasa, kuma shi ya ja mana da motarsa, don tawa ba ta da ƙugiya. Mai jan karafan doka ba ta yarda ya wuce mil 50 a awa ba, sai a tagwayen hanya ne yake iya kaiwa 60, saboda haka tafiyar ta ci mana kusan awa biyu.

Gaɓar Moray muka nufa, arewa maso yamma da Aberdeen. Ƙauyukan masunta ne a jere, Portsoy da Sandend da Cullen da Portknockie da Findochty har zuwa Buckie, kowanne da kwatarsa da aka gina da dutse. Ta Portsoy tun 1693 take tsaye. A ɗaya daga cikinsu muka sauka, a wani filin ciyawa da ke manne da kwata. Daga taga kana ganin jiragen. Sau biyu a yini ruwa yake janyewa har ƙasan kwatar ta fara bayyana, bayan kamar awa shida kuma ya dawo ya cika ta, igiyoyi su saki, jirage su taso daidai da bakin katanga.

Babu maigadi, babu dogon get, babu yaron da zai rugo ya karɓi jaka. Ta intanet na kama wuri, kuɗin ya fita daga katina tun muna gida, fam 30 da ɗoriya kowane dare. Abin da ka saya da kuɗin shi ne ƙasar da za ka ajiye ɗakinka, da wata 'yar sanda mai soket, da famfo, da ginin wanka da bayi da kowa yake shiga. Shi ke nan. Sauran duk aikinka ne.

Wutar ba ta ƙiftawa, wannan kam ba sai na faɗa maka ba. Amma a ƙayyade take. Irin waɗannan wurare amp 10 ko 16 suke ba kowane ɗaki, don haka in uwargida ta jona butar shayi, kai ka kunna hita, wani ya ɗauko dutsen guga, nan take za ta yanke. Babu wanda za ka zaga, babu wanda za ka kira. Ka fita cikin iska ka ɗaga makunnin da ke jikin sandar, ka dawo ka rage kaya.

Ruwa ne ya fi ba ni dariya. Karafan ba shi da bututun da ya haɗa shi da famfo. Akwai wani ɗan duron roba mai cin lita 40, da mariƙi, ana gangara shi a ƙasa. Da sassafe sai ka ga layi a bakin famfo, tsofaffi masu furfura, waɗanda motar kowannensu za ta sayi fili a Kano, kowa yana jan duronsa yana yi wa ɗan'uwansa barka da asuba. Maƙwabcinmu likita ne da ya yi ritaya. Wanda a gida ko buta ba za a bari ya ɗauka ba, ga shi yana garuwa da gajeren wando, fuskarsa fal annuri. Wannan ma mai sauƙi ne. Banɗakin ɗakin, ƙarƙashinsa akwati ne da ake zarowa ta waje, ana zuba masa wani shuɗin magani da ke kashe wari. In ya cika, kai maigida za ka ɗauke shi ka kai wani rami na musamman, ka juye, ka ɗauraye, ka mayar. Ka yi haƙuri da wannan zance, Yaya, amma ba za ka gane ƙasar nan ba sai da shi.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Kaya a nan ba su da tsada in ka auna da abin da mutum yake samu, hannun ɗan Adam ne ba ya sayuwa. A Afrilun 2025 doka ta ce duk ma'aikacin da ya kai shekara 21 ba za a biya shi ƙasa da fam 12.21 a awa ba. Ka lissafa maigadi da mai shara da ɗan aike da mai ɗebo ruwa a kan wannan farashi, ka ga nawa kwana ɗaya zai kama. Shi ya sa mace ɗaya ce take riƙe da filin gaba ɗaya, ita ma ba kullum ake ganinta ba, amma duk sanda ka shiga wurin wanka ka tarar da shi tsaf, ruwan zafi na zuba. A gida abin juye yake: injin da tsada, mutum da araha. Kowanne da inda yake ciwo. Ni dai na ga daɗin abin da yake aiki ba tare da an roƙi kowa ba, na kuma yi kewar a ce "kai yaro, zo" a sami mai amsawa.

Gas ma ba kamar namu ba ne. A gida ka kai tukunyarka, a ɗora a sikeli, a zuba maka na kuɗin da ke aljihunka, ko kilo ɗaya ne. Nan musanya ake yi: ka kai fanko ka karɓi cikakkiya a rufe, kuma sai ta kamfanin da ka fara saye a wurinsa. Nasu ya fi aminci, tunda kamfani ne yake duba lafiyar tukunyar. Namu ya fi sanin halin talaka.

To, ga abin da ban zata ba. Kana kwana a bakin kwatar masunta, amma kifi ya fi wuyar saye a nan fiye da Sabon Gari. Ƙauyukan nan kifi ne ya gina su, musamman wanda ake kira herin. A 1907, lokacin da harkar ta kai ƙololuwa, ganga miliyan biyu da rabi aka cika da shi da gishiri daga Sikotlan aka kai su Jamus da Rasha da gabashin Turai. Mata ne suke fede shi a tsaye a bakin kwata, suna bin jirage gari zuwa gari. Yaƙin duniya na farko ya karya kasuwar, ba ta sake komawa yadda take ba. Yau manyan jirage a Peterhead da Fraserburgh suke sauke kaya, a yi gwanjo da asuba, manyan motoci masu ƙanƙara su kwashe. Abin da ya rage a ƙananan kwatoci jiragen shaƙatawa ne, sai 'yan ƙalilan masu ɗana tarkon ƙaguwa da manyan jatan lande, su ma yawancin kamunsu Faransa da Sifaniya ake kaiwa. Ka tuna kwatar Yauri, jirgi bai gama tsayawa ba an yanyame shi, ana "nawa, albarka". Nan mutum ɗaya ne zai ɗaure jirginsa, ya loda akwatuna a bayan mota, ya ɗaga maka hannu ya wuce. Mai son ɗanye sai ya jira motar kifi da ke zagaya ƙauyuka a ranar da take zuwa, ko ya tafi shago a Buckie.

Sai dai teku ba ta da shamaki. Kamun kifin teku da ƙugiya ba ya buƙatar lasisi a nan, ban da irin su salmon. Da bazara wanda muke kira titus yakan matso kusa da gaɓa, sai ka ga yara da manya a kan katangar kwata da yamma suna jefa fatsa. Likitan nan ya ba mu daga abin da ya kama, uwargida ta soya shi da yajin da kuka aiko. Wallahi Yaya, wanda muke ci a gida bayan ya sha wata da watanni a ƙanƙara, sunan ne kawai ɗaya.

A Cullen mun sha miyar da garin ya yi suna da ita, bandar kifin hadok da dankalin turawa da albasa a cikin madara. Tana da daɗi, tana ɗumama jiki, amma babu ko ƙwayar barkono. Soyayyen kifi da dankali kuwa sai ka tambaya kafin ka saya, don wasu da kitsen dabba suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Ba sa jin haushin tambayar, amsa suke ba ka kai tsaye. Naman halal babu shi a ƙauye, daga Aberdeen muka taho da namu. Ɗan shagon da ke wurin yana da burodi da madara da jarida, farashinsa ya ɗara na manyan kantuna, leda ma sai ka biya fens 10, kuma ba a ciniki. A hanyar gonaki mun ga akwati a bakin titi da ƙwai a ciki, an rubuta farashi, ga gwangwanin saka kuɗi, babu kowa a wurin. Ƙaramin namu ya yi ta leƙe-leƙe yana neman inda mai kayan ya ɓuya.

Sallah ce take son shiri. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, ta sake fitowa huɗu da 'yan mintuna, kuma tsakani sama ba ta yin duhu sosai. Jadawalin masallacinmu na Aberdeen muka bi, alƙibla kuma kudu maso gabas. Buta kam ka taho da taka. Karnuka ma sai ka yi haƙuri da su, kusan kowane ɗaki da nasa, wasu har gado ɗaya da mai shi. Amma a ɗaure ake yawo da su, kuma wanda ya bar kashin karensa a hanya tarar fam 80 ce. Ɓarayin wurin fararen tsuntsayen teku ne. Ka ajiye abinci a waje ka juya baya, an gama.

Shirun kuwa har ya so ya yi mini yawa. Kafin magariba ta yi kowa ya shige ya ja labule, babu janareta, babu rediyo, babu mai talla. Yara suka ɗan yi guje-guje da yamma, babu wanda ya ce uffan, amma kallo ɗaya ya isa ka gane lokaci ya yi.

Maganar da ka taɓa yi mini ta fili a bakin dam ɗin Tiga ta faɗo mini. In da gaske kake, kar ka kashe kuɗi a kan shigo da karafan. Don sanyi aka ƙera shi, rana ɗaya ta watan Afrilu za ta mayar da shi tanda. Ɗakunan ƙasa masu rufin ciyawa da sola da rijiyar burtsatse za su fi shi komai, kuma mutanenmu ba za su biya kuɗi su ɗebo ruwa da kansu ba, dole ka ɗauki ma'aikata. Kafin duk wannan sai mutum ya yarda zai kwana a buɗaɗɗen wuri da iyalinsa hankali kwance, wanda ka fi ni sanin inda aka kwana a kai.

Ɗan gidan Kawu da zai taho karatu a Satumba, a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji mai yawa. Kar a saka kilishi ko dambun nama ko man shanu, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajenmu, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. A ce masa ya bar sayen rigar sanyi sai ya iso, na nan sun fi kauri. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ranar Juma'a zan kira ta bayan an sauko daga masallaci.